Garɗin 'Yar Asibi

Gwarzo,
12 ga Maris, 2001.

Zuwa ga Yaya Sabuwa, a Dugabau.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar zumunci da girmamawa, da fatan kin yi Babbar Salla lafiya, ke da ɗanki Jibirin da iyalinsa da sauran mutanen gida. Yaya zafi, yaya kuma ƙafar taki? Mu nan lafiya muke, Badi'a tana gaishe ki da kyau.

Na so in zo da kaina, to amma babur ɗin ofis ya fi wata guda a jingine saboda rashin mai, an kuma ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Shi ya sa na ba Uwaliya mai man gyaɗa wannan takarda, tunda ba ta fashin kasuwar Gwarzo.

Kin san a watan jiya ofishinmu na gona ya gwada irin gyaɗa huɗu, domin a zaɓi biyu da za a yawaita bana a gonar gwaji ta Mainika. Uku sababbi ne. Na huɗun shi ne irin kakarmu, wanda kuke kira 'yar Asibi, ni ne kuma na roƙa aka sa shi a gwajin. Wajen yawan amfani ita ce ta zo ƙarshe, wannan kuwa ba baƙon labari ba ne a wurinki. Wajen ɗanɗano, dattawa goma sha biyu ne suka ɗanɗana, suka ce ba su ji wani bambanci ba. Abin da suka faɗa shi na rubuta, na sa hannu.

Uwaliya ta isar mini da saƙonki na baka, cewa takardata ba ta san garɗi ba. Kwana uku ke nan ina juya maganar. Takardar da muke cikewa gida huɗu gare ta: zaƙi, ɗaci, ƙamshi da taushi. Da Turanci aka tsara ta, aka fassara mana. Na buɗe littattafan da na taho da su daga jami'a, ban sami abin da ya gamsar da ni ba. Kalmar tana bakina tun ina yaro, amma da na zauna in faɗi abin da take nufi, sai na tarar ban iya ba. Ba na kuwa son in yi musu a kan abin da ban fahimta ba.

Saboda haka ina roƙon ki bayyana mini: me kike nufi da garɗi, da me kuma ya bambanta da zaƙi da ƙamshi? Ki rubuto da hannunki. Rubutun nan naki na ajin yaƙi da jahilci ya fi na wasu ma'aikatanmu karantuwa.

Allah ya bar zumunci. Wassalam.

Ƙaninki,
Zayyad Nata'ala.

*

Dugabau,
ranar Laraba.

Zuwa ga taubashina Malam Zayyadu, malamin gonar da bai san gyaɗa ba.

Salamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da tambayar lafiyarka da ta Badi'a da yara. Ƙafa tana nan tana mulkinta, mun gode Allah.

Na karanta takardarka sau biyu, na yi dariya har Sauda matar Jibirin ta leƙo ta ga ko lafiya. Shekara nawa ka yi a Zariya, a ce sai tsohuwa ce za ta gaya maka garɗi? Haba ɗan Gwaggo, kai da aka yaye da kunun gyaɗar nan!

To buɗe kunne. Zaƙi a bakin harshe yake tsayawa, ya zo da wuri ya tafi da wuri, in ya yi yawa ya ginshe ka. Ƙamshi na hanci ne, har maƙwabci yana samun rabonsa ta kan katanga. Shi garɗi sai ka tauna, ka haɗiye, ka ɗan yi shiru, sannan ya taso daga can ƙasan harshe ya cika maka baki. Kafin ka ankara hannunka ya koma faifai ba tare da ka aike shi ba. Ba a cewa sukari yana da garɗi, ko zuma, ko mangwaro. Ana faɗarsa ga gyaɗa, da gurjiya, da furar gero in an dama ta da kindirmo, da ɗumamen tuwon dawa. Har ga murya ana faɗa. Tsohon ladaninmu, Allah ya ji ƙansa, sai ya gama kiran salla kana nan kana jin sa a ƙirjinka. Na yanzu mai lasifika ƙara ce kawai da shi.

Amma ba don in koya maka Hausa na aika maka magana ba. Mai unguwa Ahmadu, ƙanin marigayi mijina, yana cikin dattawan nan naka goma sha biyu. Ranar ya dawo mana baki jajir. Na ce, "Mai unguwa, yaya gyaɗar?" Ya ce, "Wallahi Sabuwa duk ɗaya ce. Amma fa goron da Malam Zayyadu ya raba, marsa ne, Allah ya yi masa albarka." Na ce, "Kafin gyaɗar aka ci goron ko bayanta?" Ya ce, "Ke kuwa, a tara manya a zaunar da su ba goro? Ai da shi aka buɗe taro." Ya kuma ce masinjanku ne ya soya ta a kaskon ƙarfe a kan risho, aka miƙa musu da zafinta suna hurawa.

Zayyadu! Harshen da goro ya jeme ai ba zai bambance kindirmo da tsala ba.

Ga abin da ya dame ni. Jibirin ya ji abin da takardarka ta ce. Ya ce tunda Kawu da kansa ya sa hannu cewa duk ɗaya ce, kunya biyar ɗin da yake bar mini a bakin gona bana sabon iri zai zuba musu. Abin da ya rage mini tiya biyu ce a tulu, na liƙe bakinsa da laka. Ka fi ni sanin cewa irin gyaɗa ba ya jiran damina biyu. In bai shiga ƙasa bana ba, baɗi ba zai tsiro ba. Daga hannun Kaka Asibi zuwa na uwata zuwa nawa, bai taɓa tsallake damina ba. Ba na son a ce a hannuna ya ƙare, da sa hannun jikanta.

Ka gai da Badi'a, ka ce ina yi mata sannu da zama da kai.

Yayarka,
Sabuwa.

*

Gwarzo,
26 ga Maris, 2001.

Zuwa ga Yaya Sabuwa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarki ta same ni, na kuma gode da darasin, har da zolayar da ke cikinsa.

Abin da Mai unguwa ya gaya miki gaskiya ne. Ni na sayo goron, ni na raba shi da hannuna. Da ban raba ba, da an ce ɗan boko ya raina manya. Ladabin ya shiga gabana har ban ga aikin ba. Akwai ma abin da ba ki faɗa ba, ni zan faɗa: ban gayyaci mace ko ɗaya ba, alhali ku ke suya, ku ke matsar mai, ku ke ƙuli. Na tara mutanen da rabonsu da tsayawa gaban kasko tun suna goye.

Rahoto shaida ne. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a, kullum a kasuwar nan ana maganar masu lotsa gindin mudu, ni ma ina cikin masu gyaɗa kai. Ban san nawa mudun ma a lotse yake ba. Ba da gangan na yi ba, amma wanda aka auna wa bai damu da niyyar mai awo ba.

Ina so in sake gwajin, abin da zan roƙa kuwa mai nauyi ne: rabin tiya daga cikin biyun nan. Na san duk ƙwayar da aka tauna an rage ta daga shuka. Ba kuma zan yi miki alkawarin cewa ofis zai sauya shawara ba, domin ba a hannuna take ba. Abin da ke hannuna shi ne in gyara abin da na sa wa hannu. In kin ga kada a taɓa irin, ba zan ga laifinki ba.

Idan kin amince, a Mainika za a yi, a wurin matan da ba su san ki ba, ba su kuma san Kaka ba, don kada a ce zumunci ne ya yi aiki. Ki rubuto mini ƙa'idar suyar da ta ɗanɗanon dalla-dalla, yadda za ki gaya wa wanda bai san komai ba. Na ga alama nan ne matsayina.

Zan ƙara gida na biyar a takardar da alƙalamina, dole kuwa in rubuta ma'anarsa a ƙasa. Ga abin da na tsara, ki duba mini: "Garɗi: daɗin abinci mai maiƙo wanda ake ji bayan an haɗiye."

Allah ya ƙara sauƙin ƙafa. Wassalam.

Ƙaninki,
Zayyad.

*

Dugabau,
ranar Lahadi.

Malam Zayyadu, salamu alaikum, ina gaisuwa.

Ga rabin tiya nan a hannun Uwaliya. Kwana biyu ina zagaya tulun kafin na fasa lakar. Na so in tsince maka manya-manya, sai na tuna maganarka ta mudu, na rufe ido na ɗebo yadda hannu ya kama.

Ma'anarka tana da gyara. Cire maiƙon nan. Kitse ai maiƙo ne zalla, ina garɗinsa? Ɗumame kuma ina maiƙonsa? "Bayan an haɗiye" ya yi, amma ɗacin maɗaci ma bayan an haɗiye yana nan zaune. Abin da ka bari a baya shi ne garɗi kiran mutum yake ya dawo.

Ga ƙa'ida. Kaskon ƙasa, ba na ƙarfe ba. Yashin rafi wankakke, a bari ya yi zafi kafin a zuba gyaɗar. Wutar kara, marar gaggawa, hannu kuma kada ya huta da juyawa. In an kwashe a baza a faifai, kada kowa ya taɓa sai ta huce sarai, har jan ɓawon ya saki da murza ɗaya. Gyaɗa mai zafi ƙamshi take bayarwa, garɗinta sai ta huce. A yi da hantsi, kafin kowacce ta ci goro ko ta sha koko mai sukari. Tsakanin wannan da waccan a kurkure baki da ruwan randa. A kuma hana su surutu har sai sun zaɓa, in za a iya. Wannan na ƙarshen Allah ya ba ka sa'a.

In ka sake kai mini gyaɗa gaban risho, ko a Lahira ka gamu da Kaka kai ka san abin da za ka gaya mata.

Yayarka,
Sabuwa.

*

Gwarzo,
23 ga Afrilu, 2001.

Zuwa ga Yaya Sabuwa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kina lafiya, ke da mutanen gida baki ɗaya. Ki gafarce ni da jinkiri. Ban so in rubuto ba sai maganar ta kai ƙarshenta.

An yi gwajin a gidan Hajiya Fatsuma, shugabar masu matsar mai ta Mainika. Ni a zaure na zauna, Badi'a ce ta shiga ciki a madadina, abin da zan ba ki labari kuwa daga bakinta na ji. An bi ƙa'idarki ba a tsallake komai ba. Faifai huɗu aka jera, ba suna, sai zare mai launi daban-daban da ni kaɗai na san fassararsa. Mata goma sha tara ne. Aka ba kowacce ƙwallon tsamiya ɗaya, ta ajiye a gaban faifan da ya fi mata garɗi. Ba wadda ta tambayi ma'anar kalmar.

Wata ta kwance bakin zaninta za ta ciro goro, Hajiya Fatsuma ta ce, "Ke, mayar! Nan ba taron dagatai ba ne." Daga nan na gane labarina ya riga ni isa Mainika. Surutu kuwa an hana shi na ɗan lokaci. Wata dattijuwa ce ta karya dokar, ta ce, "Wannan ta mutanen da ce. A ina kuka tono ta?"

Goma sha biyar daga cikinsu a gaban 'yar Asibi suka ajiye. An miƙo mini ragowar a zaure, ƙwaya bakwai. Na ci. Na sake miƙa hannu, Badi'a ta ce ba sai na ce komai ba.

Yanzu ga ɓangaren da ba shi da daɗin faɗa. Na kai wa shugaban ofishinmu sakamakon. Ya saurare ni da mutunci, ya yarda a liƙa gyaran a jikin rahoton farko. Amma ya ce gonar gwaji iri biyu kawai za ta ɗauka, ba taki, ba lebura, kuma yawan amfani ne ma'auni. Ban ga ƙarya a maganarsa ba. Mai iyali goma da buhu yake lissafi. Saboda haka ofis ba zai shuka 'yar Asibi ba. Rabin tiyarki ta tafi, ban samo miki gonar ba.

Abu biyu na iya yi. Na je taron dagatai na wannan wata, na miƙe na faɗi kuskurena a gabansu. Sun yi dariya fiye da yadda na zata, Mai unguwa Ahmadu ya ce shi dai har yanzu yana kan bakansa game da goron. Na biyu, ga kwafen gyaran nan na haɗo, da sa hannuna, ki ba Jibirin. Ma'anar da na rubuta a ƙasansa ita ce: "Garɗi: daɗi marar gaggawa wanda ke tasowa bayan an tauna an haɗiye, ya zauna a baki, ya sa a koma."

Saura magana ɗaya. Shekaranjiya Hajiya Fatsuma ta zo gidana takanas. Mata shida daga cikinsu suna roƙon a ba kowacce cikin tafi ɗaya, su shuka a gayaunarsu. Na ce mata irin ba nawa ba ne, yana da mai shi, ban kuma yi mata alkawari ba. Na san Inna mahaifiyarki, Allah ya ji ƙanta, ba ta taɓa ba bare shi ba. Na isar da saƙo ne kawai.

Idan kuma kin ga ya dace, akwai mutum na bakwai. Yana da ɗan fili a bayan gidansa, shekara goma sha huɗu yana kiran mutane zuwa sabon iri, bai taɓa shuka na kakarsa ba.

Wassalam.

Ƙaninki,
Zayyad.

*

Dugabau,
ranar Juma'a.

Taubashina Malam Zayyadu, salamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jiran ruwa? Nan hadari yana ta haɗuwa yana watsewa.

Ma'anarka ta yi. Ta ɗan yi tsawo, amma kai ma haka kake.

Jibirin ya karanta takardar a tsaye, ya sake karantawa a zaune. Ya ce shi garɗi ba ya cika masa buhu, amma tunda Kawu ya miƙe gaban dagatai a kan maganar, zai bar mini kunya uku. Na ce biyar. Ya ce uku. Sauda ta sa baki ta ce in ba 'yar Asibi a gidan, ya nemi mai dama masa kunu. Mun tsaya a huɗu.

Maganar matan Mainika ta hana ni sakewa. Gaskiya ne uwata ba ta taɓa bayarwa ba, takan ce gyaɗar gida ce. Ni ma haka na riƙe ta, tulu ɗaya, gona ɗaya. Ga shi takarda ɗaya ta kusa kashe ta. Da ɓera ne ya fasa tulun, ko ni ce na kwanta dama, ai da shi ke nan. Wadda ta ɗanɗana ta ce ta mutanen da ce, ba a gaya mata ba, ban ga yadda zan kira ta bare ba.

Ga ƙulli bakwai nan a tsumma. Ka gaya musu su ba ta fili tsakanin rami da rami, domin yaɗo take yi, ba tsayuwa ba. Kada su ga an cire sabon iri su yi gaggawar cire ta, takan ƙara kusan wata guda a ƙasa. Wadda ta samu kuma, baɗi ta ba wata.

Ƙaramin ƙullin shi ne naka, daidai da ƙarfin hannun mai alƙalami. Ka ce wa Badi'a ta sa ido a kan awaki, da kai.

Allah ya ba mu damina mai albarka.

Yayarka,
Sabuwa.

*

Gwarzo,
19 ga Yuni, 2001.

Zuwa ga Yaya Sabuwa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Barkanmu da ruwa.

Na shuka washegarin ruwa na biyu. Rami arba'in da ɗaya, talatin da takwas sun tsiro. Hajiya Fatsuma ta aiko cewa na mata biyar sun fito, ta shidan ba ta shuka da wuri ba, ana jira. Uwaliya ta ce kunyoyinki huɗu sun yi kore.

Jiya da yamma ina tsugune ina cire ciyawa, shugaban ofishinmu ya biyo ta bayan gidan. Ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni wane iri ne wannan, lambarsa nawa.

Na ce ba ta da lamba, na gaya masa sunanta.

Wassalam.

Ƙaninki,
Zayyad.